Sayen mota ko hawan ta haya: yadda ake lissafin a Garwa, Marwa da Njamena

Wanda kuɗi suka ɗan zauna masa a Garwa ko Marwa, abin da dangi ke fara tambayarsa shi ne yaushe zai sayi mota. Da wuya a tambaye shi ina zai riƙa zuwa da ita. Alhali amsar tambaya ta biyun ce ke nuna ko motar za ta yi masa hidima, ko shi ne zai koma yi mata bauta. Lissafin ba shi da wuya, sai dai yana son biro da takarda, da mutumin da zai daure ya faɗa wa kansa gaskiya.

Ka fara da rubuta zirga-zirgar gidanka ta mako biyu cur, kar ka tsallake ko ɗaya. Kowace fita ka sa daga ina zuwa ina, ƙarfe nawa, mutum nawa, da kaya ko babu, da abin da aka biya. Ba taka kaɗai ba: makarantar yara, cefanen uwargida, awon asibiti, gaisuwar mutuwa, ɗaurin aure, har aiken da ake yi wa yaro ya hau mashin ya sayo ƙanƙara. In mako biyun sun cika, ka raba fitar gida uku. Akwai waɗanda ba su kai kilomita 2 ba, da ƙafa ma ana zuwa in ba tsakar ranar watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Akwai na cikin gari masu ɗan nisa, kamar daga Jambutu zuwa babbar kasuwar Garwa, ko daga Farsha zuwa Dembe a Njamena. Sai na bayan gari: gona, kasuwar ƙauye, tafiya Gaundare ko Yawunde. Ka adana takardar, za a dawo gare ta.

Gari ne ke ɗora wa mutum mota

A Amurka, in ka ware birane kaɗan irin su New York, ko burodi mutum zai sayo sai ya tada mota. Ba haka ƙasar ta tashi ba. A farkon ƙarni na 20 biranenta cike suke da taragun lantarki masu bin tsakiyar titi. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu kan dokar gina manyan hanyoyi masu tsawon mil 41,000, dokokin gine-gine kuma suka ware unguwar kwana daban, kasuwa daban, wurin aiki daban, suka wajabta wa kowane kanti ya tanadi filin ajiye motoci. Da komai ya yi nisa da komai, sai bas ya rasa inda zai cika. Yau akwai abin hawa sama da 800 ga kowane mutum 1,000 a can. A 2019 kusan kashi uku cikin huɗu na ma'aikata kowa shi kaɗai yake tuƙa kansa zuwa aiki, masu hawan bas da jirgi kuwa biyar ne kacal cikin ɗari. Ƙungiyar masu motoci ta AAA ta ƙiyasta cewa riƙe sabuwar mota a 2023 ya haura dalar Amurka 12,000 a shekara. Faɗaɗa hanya ma bai cece su ba: a Houston an kammala faɗaɗa babban titin Katy a 2008, ya zama cikin mafiya faɗi a duniya, bayan 'yan shekaru cunkoson ya dawo, domin sabon fili sababbin motoci yake kira.

Holan ta kama wannan hanyar, sannan ta ja da baya. A 1971 haɗarin hanya ya kashe mutum sama da 3,000 a ƙasar, fiye da 400 daga ciki yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga. Takunkumin man Larabawa na 1973 ya zo ya tarar da su a haka, har gwamnati ta hana tuƙi a wasu ranakun Lahadi. Daga nan aka shiga ware wa keke hanyarsa. Yanzu wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tafiye-tafiyensu a kan keke ne, kuma tashar jirgin Utrecht kaɗai tana da wurin ajiye keke 12,500. Japan ta ɓullo wa abin ta wajen ajiya: a biranenta ba a yi maka rajistar mota sai ka kawo shaidar kana da inda za ka ajiye ta, wanda bai wuce kilomita 2 daga gidanka ba. Singafo kuwa tun 1990 gwanjon izinin mallakar mota take yi, na shekara 10, sau da yawa kuɗin izinin ya fi na motar.

Arha kaɗai ba ta raba mutum da motarsa. Luksamburg ta mai da bas da jirgi kyauta a 2020, amma har yanzu tana sahun gaba a Turai wajen yawan motoci. Abin da ke jan mutane shi ne tabbas. Tun 1982 jiragen Suwizalan ke tashi a kan minti iri ɗaya a kowace awa, yadda mutum ba ya buƙatar duba jadawali. Legas a 2008, Darussalam a 2016 da Dakar a 2024 duk sun ware wa manyan bas layinsu don neman irin wannan tabbas ɗin.

Mu a nan fa? Kamfanin bas na gwamnati, SOTUC, Yawunde da Duwala ya yi wa aiki, shi ma ya rufe a 1995. A Garwa da Marwa babu bas ɗin cikin gari mai jadawali da ma'aikaci zai dogara da shi. Njamena tana da ƙananan bas da tasi na haɗaka a manyan tituna, Gaundare tana da masu jigila zuwa jami'a a Dang. Sauran aikin duka ɗan kilando ne ya ɗauke shi da mashin ɗinsa. Abin da ya cece mu shi ne tsofaffin unguwanninmu a cure suke: masallaci, mai shago, injin niƙa da makarantar allo duk suna iya tafiyar ƙafa. To amma sababbin filayen da ake yankawa a bakin gari suna kai mu inda Amurka ta je, ba tare da kwaltarta ba. Don haka kafin ka sayi fili mai arha a nesa, ka je wurin sau uku: da asuba, da azahar, da bayan isha'i. Kowane zuwa ka duba agogo, minti nawa ka tsaya kafin mashin ya wuce, kuma nawa ya ce. In da hali ka ƙara zuwa ɗaya a watan Agusta bayan an ɗauke ruwa. Filin da mashin ba ya shiga da damina, kuɗin mota na cikin farashinsa ko da mai sayarwa bai faɗa ba.

Abin da mota ke ci

Masu mota da yawa kuɗin mai kaɗai suke ƙirgawa, shi ma in sun tuna. Ga yadda ake yi, da lambobin misali. Kai sai ka sa naka.

Mu ƙaddara ka sayi ƙaramar mota ta hannu a kan sefa miliyan 3 da rabi, bayan shekara 5 ka sayar miliyan 1 da rabi. Miliyan 2 sun tafi ke nan, wato 400,000 duk shekara, ko ka hau ko ta kwana a zaure. Wannan shi ne kuɗin da ba a ganin fitarsa, shi ya sa ake mantawa da shi.

Sai mai. Tun Fabrairun 2024 litar fetur a gidan mai a Kamaru ta koma sefa 840, gas 828. Kafin Fabrairun 2023 fetur 630 yake. A Cadi ma, duk da matatar Jarmaya da ke aiki tun 2011, a watan na Fabrairun 2024 aka ɗaga fetur zuwa 730. Tsohuwar mota a cikin gari, da tsaye-tsaye da na'urar sanyi a kunne, ka ba ta lita 10 a kilomita 100. In kana yin kilomita 20 a rana, kwana 26 a wata, kilomita 520 ke nan, lita 52, sefa 43,680. A shekara 524,160.

Takardu: inshora, vinyet, wato harajin mota na shekara (tun 2017 kamfanin inshora ne ke karɓar kuɗinta tare da nasa, kuma tana hawa gwargwadon ƙarfin injin), da vizit teknik, wato binciken lafiyar mota. Mu sa 120,000. Gyara da juye: baƙin mai da filtarsa duk kilomita 5,000, filtar iska wadda ƙurar hunturu ke toshewa tun lokacinta bai yi ba, batir da zafinmu ba ya bari ya daɗe, taya, shokazoba da ramuka ke kashewa, da ranar da bakanike zai ce sai an sauke inji. Mu sa 250,000, kuma wannan da sauƙi aka yi.

Jimla ta kama 1,294,160 a shekara. Kusan 108,000 ke nan a wata, ko sefa 207 kowane kilomita. Yanzu ɗauko takardar nan ta mako biyu, ka ninka abin da gidan ya kashe sau biyu, ka ajiye kusa da 108,000. Mutum ɗaya mai hawa mashin sau 4 a rana a kan sefa 200 yana kashe 20,800 a wata. Tazarar ba ƙarama ba ce. Amma gidan da ke da yara huɗu a makarantu biyu, da tsohuwa mai zuwa asibiti duk mako, da maigida mai ɗauko kaya daga kasuwar ƙauye, nasu lissafin na iya matsowa kusa, kuma akwai abin da kuɗi ba ya aunawa: naƙuda da ƙarfe biyun dare.

Kar ka gina lissafinka a kan zuwa-zuwa, man Najeriya da ake sayarwa a kwalabe bakin titi. Shekara da shekaru shi ya riƙe arewacin Kamaru, har ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki farashin kwalba ya tashi, kuɗin mashin ya bi shi. Abin da shawarar wata ƙasa ke juyawa dare ɗaya ba a ɗora masa shirin shekara 5. Ga kuma ɓarnarsa. Man da ya kwana a jarka da duro yana tara ruwa da laka, wasu kuma suna sirka shi da kananzir. Tsohon mashin yana haƙuri da shi, motar zamani mai nozul ba ta yi: filtar mai ta toshe, famfon mai ya ƙone, inji ya dinga shaƙewa in an taka. In dole ta sa, ka ɗaga kwalbar saitin rana ka dubi gindinta. Ruwa ya fi fetur nauyi, yana kwanciya ƙasa kamar ƙwallo mai sheƙi. Ka sa a tace da tsumma mai tsabta, kuma kar a juye ɗigon ƙarshe.

Zama lafiya da mashin

In lissafi ya nuna mashin ne naka, to ka iya hawansa. Ciniki kafin a hau ake yi, kuma da sunan wuri takamaimai. "Malam, Rumde Ajiya, bayan filin ƙwallo, nawa?" ya fi "mu je Rumde" nesa ba kusa ba, don unguwa tana da faɗi, rigima kuma a wurin sauka take tashi. Ka faɗa tun farko in takardar 1,000 ce a hannunka. Baƙo a Njamena ya kula: da Larabcin gari da riyal ake faɗin kuɗi, riyal ɗaya sefa 5 ne, kamar dala a bakinmu. Wanda ya ce maka riyal 50, sefa 250 yake nufi.

Kafin ka ɗaga ƙafa, daƙiƙa biyar sun isa ka dubi abu uku: idon direban, madubinsa, da tayar baya. Jan ido da rawar jiki, ka bar shi ya wuce. Wanda ya cire madubi ba ya duba bayansa. Tayar da ta suɗe ba ta riƙe yashi, kuma gefen titunanmu yashi ne. Ta hagu ake hawa, domin salansa tana dama, ita ce ke ƙona ƙaurin mata da yara. Mai abaya ko dogon hijabi ta tattare shi a cinya ta danne. In bakinsa ya shiga sarƙa ko wayoyin taya, fizgo ta zai yi ta baya, ba ya ba da sanarwa. Babbar riga ma haka.

Hular kwano kuwa, kar ka jira ɗan kilando ya ba ka. Ka sayi taka, wadda ta kama kai ba ta lilo, ka ɗaure igiyar haɓa yadda yatsa biyu kawai za su shige. Hular da ba a ɗaure ba ita ke fara faɗuwa kafin kai ya taɓa ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutum wajen miliyan 1.19 a shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba. Mutane kan ce zafi ya hana su sa hula. Zafin gaskiya ne, amma na minti goma ne.

Maganar yara ita ce mai nauyi. Ana ganin mashin ɗauke da yara huɗu, biyar, ƙarami a kan tanki yana gyangyaɗi. Wannan ba tattali ba ne. In za ka yi yarjejeniyar wata da mai kai su makaranta, ka nemi magidanci wanda ka san gidansa da mai unguwarsu, ku yanke adadin da zai ɗauka a sawu ɗaya, ko da zai yi sawu biyu. Ka biya rabi a farkon wata, rabi a ƙarshe, ku kuma yi maganar ranar da mashin ya lalace wa zai zo madadinsa. Inda ake samun keke mai ƙafa uku, iyaye uku ko huɗu na layi ɗaya su haɗa kuɗi su ɗauke shi. Ya fi mashin ta kowace fuska.

Doguwar tafiya

Daga Marwa zuwa Garwa kimanin kilomita 210 ne, daga Garwa zuwa Gaundare kimanin 280. A nan lissafin kan mutum nawa ne. Mota mai shan lita 8 a buɗaɗɗiyar hanya za ta ci lita 45 zuwa Gaundare da dawowa Garwa, sefa 37,800, ban da 500 a kowane peyaj, wato shingen biyan kuɗin hanya. Ko da tikitin bas ya kai 6,000, mutum ɗaya 12,000 zai kashe zuwa da dawowa, ya kuma yi barcinsa. Mutum huɗu 48,000, a nan mota ta fara cin riba. Kai kaɗai, hau bas. Da iyali, in motar tana da lafiya, tuƙa.

Akwai bambanci tsakanin ajans da tasha. Ajans irin su Touristique Express da Danay Express suna da harabarsu, ana rubuta sunanka da katin shaida, ana ba ka tikiti. A nan ma ka tambaya ko bas ɗin mai tashi a kan lokaci ne, ko sai ya cika. A tasha kuwa cika ita ce agogo. In ɗan kamasho ya ce saura mutum biyu, ka leƙa ka ƙirga kaya, ba kawuna ba. Wasu na zaune ne kawai don mota ta yi kama da cikakkiya. Ka ɗauki motar farko ta asuba: direba ya huta, taya ba ta ɗau zafi ba, in an sami matsala kuma akwai sauran rana. Jakar da za a ɗora sama ka sa ta cikin buhu ka rubuta suna da lambar waya, ka tsaya har ka ga an ɗaure. Kuɗi, magani da takardu su zauna a jikinka. Katin shaida ya kasance inda hannu zai kai nan take, don shingen jandarma ba ɗaya ba ne, kuma mutum ɗaya marar kati yana tsayar da bas guda.

Mai zuwa Yawunde yana da zaɓi biyu daga Gaundare. Ko ya ci gaba da bas ta Maiganga, Garwa-Bulai da Bertuwa, sama da kilomita 800 a zaune, ko ya hau jirgin ƙasa. Layin dogon ya iso Gaundare a 1974, tsawonsa zuwa Yawunde kilomita 622, kamfanin Camrail ke tafiyar da shi tun 1999. Jirgin fasinja da yamma yake tashi, ya kwana yana tafiya, ya isa da safe. Layi ɗaya ne tal, jiragen kaya ma shi suke bi, saboda haka wani lokaci sai an tsaya a wata tasha an jira na gaba ya wuce. Kar ka sa ganawa ko jirgin sama a safiyar isowarka. Ka ba kanka yini guda.

Jadawalin yana canzawa, don haka ka sa wani a Gaundare ya tabbatar maka da ranar tashi kafin ka baro gida. Akwai kushet, wato ɗakin kwana, mai gado biyu da mai gado huɗu, akwai aji na ɗaya na zama, akwai aji na biyu. Kushet ke fara ƙarewa, musamman lokacin hutun makaranta da gab da salla. A saya maka tun da kwana biyu ko uku, da sunan da ke kan katinka. Mace mai tafiya ita kaɗai ta faɗa a wurin sayen tikiti don a haɗa ta da mata. Mai tasowa daga Marwa a ranar tafiya sai ya kama bas ɗin asuba, kilomita kusan 500 ne, kuma taya ɗaya ta fashe jirgi ya tafi. Kwana a Gaundare ya fi kwanciyar hankali. Ka riƙe rigar sanyi a hannu ko da daga zafin Garwa ka fito, don Gaundare tana kan tudu sama da mita 1,000, dare yana da sanyi. Ka tanadi canji: a tashoshin hanya mata na miƙo zuma, ayaba da rogo ta taga, jirgi kuma ba ya jiran mai neman canjin 5,000. In an tsaya cikin dare, waya da jaka su yi nesa da taga.

Cadi ba ta da layin dogo, duk da an daɗe ana maganar jan na Gaundare zuwa Njamena. Daga Marwa hanyar da aka sani ita ce ta Mora, Waza da Dabanga zuwa Kusiri, kimanin kilomita 260, sai a haye gadar Ngeli. Hanya ce da ta sha fama da lalacewa da rashin tsaro. Ba a binta da dare, kuma direbobin da suka iso jiya ake tambaya halin da take ciki, ba wanda ya bi ta bara ba. Ɗaya hanyar ita ce ta Yagwa, a haye kogin Logon zuwa Bongor, inda aka buɗe sabuwar gada a 2025, sannan a miƙe arewa zuwa Njamena. Ko ta ina, ka riƙe fasfo ko katin shaida mai rai, da katin allurar shawara.

In mota ce dai

Kafin saye, ka sake duba gida na uku a takardarka. In fitar da ke neman mota ba ta wuce uku ko huɗu a wata ba, shatar mota da direbanta ta fi arha nesa. Ku yanke tun farko: kuɗin yini, mai a kan wa, peyaj a kan wa, abincin direba, da abin da za a ƙara in dare ya yi. Ka kuma ajiye lambar masu mota biyu na unguwa da suka yarda a tashe su cikin dare. Wannan ya toshe ƙofar naƙudar da aka ambata.

In kuwa saye ya tabbata, takardu kafin inji. Lambar shasi da ke jikin ƙarfen motar ta dace da ta kart griz, wato takardar rajistar mota, harafi da harafi, sunan mai sayarwa ya dace da katinsa, takardar duwan, wato kwastan, kuma ta asali ce. Motar da ta shigo ta ɓarauniyar hanya tana da arha ranar saye, ranar da aka kama ta kuwa sai ka biya abin da wancan ya ƙi biya, da tara a kai. Ka zaɓi ƙirar da kayan gyaranta ke zube a kasuwar garinku. A nan yankin Toyota ce, ko da wata ta fi ta kyan gani.

Ka je da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba, kuma da sassafe, inji da sanyi. Ka taɓa bonet ka tabbatar ba a riga an ɗuma ta ba. Shuɗin hayaƙi yana nufin tana cin baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ko kumfa mai kalar madara a murfin baƙin mai, gaskit ne ya ƙone, ruwa na shiga inji. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Tayar da ta haura shekara 6, ko zanenta na nan raɗau, ba ta jure kwaltar watan Afrilu. Iska kuma da safe ake aunawa, kafin a yi tafiya.

Bakanike da yawa za su ce a cire tamostat wai don ƙasarmu da zafi. Kar ka yarda. In inji na zafi, dalilin yana lagireto da ya toshe, ko fanka, ko famfon ruwa, ko murfin da ya daina riƙe matsi. Ruwan rijiya da ake ɗurawa shi ke tara tsatsa da gishiri a ciki. Ka sa ruwan sanyaya inji na gwangwani.

Sai gangaren Falez, wanda duk mai barin Gaundare zuwa Garwa zai sauka. Hanya ce mai lanƙwasa, cike da tireloli masu ɗauko kayan Cadi daga tashar jirgi. Abin da ke kashe mutane a wurin shi ne ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa. Birkin ya yi zafi, man birki ya tafasa, musamman tsohon mai da ya sha ruwa, sai ka taka ka ji ƙafa ta nutse babu komai. Tun kafin gangaren ya fara ka sa giya ta biyu ko ta uku, inji ya riƙe motar. Mai otomatik ya mai da ita 2 ko L. Birki a taka da ƙarfi a saki, ba a jingina ƙafa a kai ba. Kar a kashe inji ko a sa furi don tsimin mai, kar kuma a wuce tirela a kwana. In ka ji warin ƙuna, ka nemi fili ka tsaya minti 20 zuwa 30, kuma kar ka watsa wa ƙarfen ruwa, lanƙwashewa zai yi. Man birki duk shekara 2 ake canza shi. Mai niyyar haye gadar Ngeli da motarsa kuma ya karɓi kart roz, wato katin inshorar da ke aiki a ƙasashen ƙungiyar CEMAC ta Afirka ta Tsakiya, a wurin mai inshorarsa tun kafin ya taso, ya tsaya a ofishin duwan na iyaka a ba motar takardar shiga.